'Yar aikin gidana: taimako nake yi ko zalunci?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar Talata, na kasa haɗiye shi, na ce bari in kawo shi nan ko zan samu mai faɗa min gaskiya.

Ina da 'yar aiki, ba za ta wuce shekara 13 ba. Wata dillaliya ce ta kawo min ita daga wani ƙauye ta wajen Ringim, yau wata takwas ke nan. Naira dubu goma nake biya duk wata, a hannun dillaliyar, ita take kai wa iyayen. Ranar Talata da la'asar ina ɗaki ina ninke kaya sai na ji 'yata ƙarama mai shekara shida ta daka tsawa a kicin: "Ajiye! Wannan ba kofinki ba ne, naki yana bayan randa." Na fito na tarar yarinyar ta ajiye kofin tangaran, ta sunkuya ta ɗauko wani jan kofin roba mai tsagaggen baki, ta sha ruwanta. Ba ta ce uffan ba, ko kallona ba ta yi ba.

Wallahi ban taɓa buɗe baki na ce wa 'ya'yana kar su haɗa kofi da ita ba. Amma ni na ware kofin ranar da ta zo. Ni na ware mata kwanon ci. Ni na shimfiɗa mata tabarma a sito, gefen buhun shinkafa, na ce na ɗan lokaci ne kafin a gyara ɗaki. Yarinya ta gani, ta ɗauki karatu.

Daren nan ban runtsa ba, na kwanta ina lissafi. Kafin kiran assalatu take tashi. Ta ɗora ruwan zafi, ta yi shara, ta yi wanke-wanken dare, ta shirya yara. Ita take riƙe musu jakunkuna har bakin ƙofa in ɗan adaidaita ya zo, ta tsaya tana kallo har su sha kwana, sannan ta dawo ta kama wanki. Babbar 'yata sa'arta ce, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Ita kuwa ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Kun san ni a nan, kusan kullum ina magana a kan zaluncin shugabanni da yadda ake danne talaka, kuma har zuciyata nake yi. Sai ga shi mutum ɗaya tak Allah ya sa a ƙarƙashin ikona, ga yadda na riƙe ta. Ban taɓa dukanta ba, tana ci sau uku, na ɗinka mata kayan sallah. Duk da haka raina ya ƙi kwanciya. Don Allah ku faɗa min, taimako nake yi ko zalunci?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki, kar ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. Na fi shekara ashirin ina riƙon 'yan aiki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayen yaran nan su suke roƙo a ɗauka. Ki je ƙauyen ki gani, wani gidan sau ɗaya ake ɗora tukunya. Yarinya za ta zo miki a bushe, kai duk ƙwarƙwata, bayan wata uku ki ga ta yi ƙiba ta murje. Da kuɗin aikatau uwarta take tara mata kayan ɗaki, gado da katifa da 'yan kwanuka, don kar a yi mata gori a gidan miji. Uku daga cikin waɗanda na riƙe da hannuna na yi musu gara.

Maganar kofi kuwa, tsafta ce. Ba ki san da wace cuta ta zo ba. Kuma Allah da kansa bai daidaita mu ba, ko yatsun hannu ba tsawonsu ɗaya ba. Wani ya samu, wani ya yi masa aiki, haka duniya take tun fil azal.

Maman Ikram:
Hajiya, in tsafta ce, wata takwas ba su isa a gane tana da lafiya ba? Kuma hannun da ya dafa abincin, ya zuba shi, ya ba jariri a baki, shi ne ba zai taɓa kofi ba?

Almajirin Ilimi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganarki ta cewa Allah bai daidaita arziki ba gaskiya ce, tana cikin Suratuz Zukhruf aya ta 32: Shi ya raba wa mutane abin rayuwarsu, ya ɗaukaka wasu a kan wasu, domin wasu su riƙa yi wa wasu aiki. Saboda haka ɗaukar mai aiki halal ne, babu mai cewa haramun. Amma ayar ta yi maganar rabon arziki, ba ta ce an raba mutunci ba. Mutunci ma'auninsa yana Suratul Hujurat aya ta 13, mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi taƙawa.

Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito wanda ya dace da wannan kofin. Ma'arur ɗan Suwaid ya haɗu da Abu Zarr a Rabaza, ya gan shi sanye da tufa, yaronsa ma sanye da irinta sak. Ya tambaye shi dalili. Abu Zarr ya ce ya taɓa zagin wani mutum, ya goranta masa uwarsa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa: kai mutum ne da sauran jahiliyya a tare da kai. Masu yi muku hidima 'yan uwanku ne, Allah ya sanya su a ƙarƙashin hannunku. Wanda ɗan uwansa yake ƙarƙashin hannunsa, ya ciyar da shi daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa. Kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora musu to ku taya su.

Ku lura, a kan bayi aka yi wannan maganar. To ina ga ɗiyar Musulmi, 'yantacciya, wadda talauci kawai ya fito da ita daga ɗakin uwarta?

A wani hadisin na Bukhari an ce in mai hidima ya kawo maka abinci, in ba ka zaunar da shi ku ci tare ba, to ka miƙa masa loma ɗaya ko biyu, domin shi ya sha zafin wutar. Zaunar da shi aka fara ambata. Anas ɗan Malik kuma ya yi shekara goma yana hidima a gidan Annabi tun yana yaro, ya ce ko "tir" ba a taɓa ce masa ba.

Mai Ɗinki:
Na daɗe a nan ina karatu ba na magana, amma yau dole in yi, don ni na yi aikatau. Ina da shekara 11 aka kai ni Kaduna, na yi shekara huɗu a gida biyu. Yanzu ina da aure da 'ya'ya uku da kekena na ɗinki, alhamdu lillahi.

Hajiya, gaskiyarki, na ci na ƙoshi. A gidan farko ma har nama nake samu. Amma in faɗa miki abin da nake tunawa bayan shekara ashirin. Ba yunwa ba ce. Sai kowa ya gama ci ake cewa in haɗa kwanuka, abin da ya rage a farantin yara a juye min a kwano ɗaya, miya da shinkafa da ƙashin da aka tsotsa, a ƙara min da ƙanzo. A tsugune nake ci a bayan ƙofar kicin, ina ci ana kirana. Ban taɓa cinye abinci a zama ɗaya ba a gidan nan. In an kunna talabijin, daga bakin ƙofa nake leƙe. In baƙi suka zo suka tambaya wace ce wannan, sai a ce "yarinyar gidan ce", ba a faɗin sunana. Da sallah an ɗinka wa yaran gida leshi iri ɗaya, ni aka ba ni kwancen babbar 'yar, aka ce in riƙe jaka in ɗauke su hoto.

Rannan ɗan kunnen zinare ya ɓata. Aka zazzage ƙullin kayana a tsakar gida a gaban kowa, har ɗan kamfaina. Aka ce in ban fito da shi ba za a kai ni wurin 'yan sanda, aka kuma ce za a sa a karanta min Yasin. Kwana biyu ina kuka. Rana ta uku aka gan shi a cikin aljihun jakar uwar gidan, inda ta ajiye da kanta ta manta. Na ji da kunnena ana cewa an gani. Babu wanda ya zo ya ce min yi haƙuri. Aka ce in je in wanke banɗaki.

Maganar kuɗi kuma. Shekara biyu na yi a gidan, matar da ta kai ni take karɓa. Da na koma gida, abin da innata ta nuna min an saya da kuɗina langa ce saiti ɗaya da zani biyu. Sauran, wai kuɗin mota da na wahalarta. Matar gidan ta biya, ban ce ba ta biya ba. Amma ba ta taɓa tambaya ko ya isa ba.

Gida na biyu wata malamar makaranta ce, Allah ya jiƙanta, ba ta kai na farko kuɗi ba ko kusa. Ɗaki ɗaya muke kwana da 'ya'yanta. Da yamma tare muke tafiya islamiyya. Ita ta koya min a, ba, ca da hannunta bayan isha'i, ita ta kai ni wurin ɗinki. Aiki na yi shi a can ma, wallahi har ya fi na gidan farko yawa, don babu injin wanki babu famfo. Amma a can in na yi laifi faɗan da za a yi wa 'yarta shi ake min, in an raba tsire a ba ni yanka irin na kowa. Har yau ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Uwar Biyu, ba zan ce miki azzaluma ba, tunda har abin ya hana ki barci. Amma ki sani shirun da ta yi lokacin da ta ɗauki kofin robar, ba wai bai dame ta ba ne. Ta riga ta koyi cewa magana ba ta da amfani.

Maman Ikram:
Innalillahi. Yaya, kin sa ni kuka.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya saka miki, 'yata, abin da aka yi miki bai kyautu ba. Amma a yi adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, mu ma muna ganin namu. Ni an taɓa kwashe min atamfa turmi shida aka gudu da asuba. Wata ƙawata 'yar aiki ta bar mata jariri a ɗaki ta tafi zance. In mutum ya yi kaffa-kaffa ba mugunta ba ce.

Mai Ɗinki:
Haka ne Hajiya, akwai masu ɗauke-ɗauke, ban musa ba. Sai dai in 'yar aiki ta yi sata, duk unguwa za ta ji. In an cinye mata kuɗin shekara, wa zai ji?

Lauya Ɗan Zariya:
Bari in sa baki ta ɓangaren doka, don da yawa ba su san akwai ta ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaro ko yarinyar da ba su kai shekara 12 ba aikin gida. Hukuncin ɗaurin wata shida ne zuwa shekara uku, kuma ya hau kan wanda ya ɗauka da wanda ya kawo. Wato 'yar uwarmu Mai Ɗinki, da yau aka kai ki kina shekara 11, da matar da ta kai ki da wadda ta karɓe ki duk sun taka doka. Wanda ya haura 12 ma, dokar ta hana a sa shi aikin da zai cutar da lafiyarsa ko tasowarsa.

Sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kuma ta ɗora nauyin a kan iyaye da duk mai riƙon yaro. Uwar Biyu, yarinyar da take kwana a gidanki wata takwas, a zahiri a hannunki take.

Albashi kuwa, nan ne aka bar su a baya. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a watan Yulin 2024, daga dubu 30 na 2019, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Saboda haka mai aikin gida ba ta ciki. Ki raba dubu goma gida talatin, naira ɗari uku da 'yan kai ke nan a wuni, daga asuba zuwa bayan isha'i. Ban faɗa don in kunyata ki ba, na san akwai masu biyan ƙasa da haka.

Hajiya Mai Atamfa:
To Lauya, a bi dokar taka. A kwashe su duka a mayar ƙauye. Sai me? Makarantar ƙauyen da malami ɗaya yake riƙe da aji uku, rufin ya yaye? Tire za a ɗora mata ta tafi tallan gyaɗa a tasha cikin 'yan kamasho, ko a aurar da ita shekara mai zuwa. Da babu gara ba daɗi. Ni ma'aikaciya ce a da, na san dubu 70 ɗin nan wasu magidanta ma ba su gan ta ba, balle su biya 'yar aiki.

Manomin Batsari:
Salamu alaikum. Ni daga ɓangaren iyayen zan yi magana. 'Yan bindiga sun tashe mu daga ƙauyenmu, gonakinmu suna can ba ma iya zuwa. Yayana ya rasu ya bar 'ya'ya bakwai, biyu daga cikin matan suna aikatau a cikin Katsina yanzu haka. Ni na sa hannu aka kai su. Ba don ba na son su ba. Daren da za a tafi da ƙaramar, uwarta ta kwana tana yi mata kitso tana hawaye.

Saboda haka Hajiya ta yi gaskiya, in kuka dawo mana da su yau ba mu da abin ba su. Amma kar a ɗauka don mun roƙa, shi ke nan duk yadda aka yi da su daidai ne. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Abin da muke nema kaɗan ne. A ba mu lambar waya mu riƙa jin muryarsu ko sau ɗaya a mako. Kuɗin a turo wa uwar kai tsaye, yanzu ko a ƙauye akwai mai POS. A bar su su zo gida da sallah. In ba su da lafiya a kai su asibiti, kar a sa su a mota a turo mana su da zazzaɓi. Ɗa na kowa ne.

Baba Ɗan Sawaba:
'Ya'yana, na karanta duka, kuma abin ya mayar da ni baya. Ina saurayi lokacin jam'iyyar PRP, na bi Malam Aminu Kano yawon taro, na sha zuwa gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Mambayya. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, duk abin da ta tsaya a kai shi ne talaka mutum ne. A lokacin talaka yana cire takalmi ya faɗi ƙasa in hakimi zai wuce, a sa shi noman gandun sarki kyauta, a bi shi da haraji da jangali ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. An ɗaure 'yan NEPU, an yi musu bulala. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga kurkuku saboda ta ce mace ma tana da baki, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa. Sai 1979 Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano ya soke haraji da jangali. Na ga dattawa suna kuka ranar don murna.

Abu Khalil:
Baba, da girmanka, maganar 'yar aiki ake yi, ba siyasa ba.

Baba Ɗan Sawaba:
Ɗana, ita nake yi. Abin da hakimai suke faɗa a wancan zamani shi na ji ana faɗa yau: ai muna ciyar da su, ai su suke zuwa da ƙafarsu, ai Allah ne ya yi wani sama wani ƙasa. Ba su ƙirƙiri ƙarya ba, suna ciyarwar. Amma Malam ya ce ciyarwa ba ta sayen mutuncin mutum. Mu jikokin waɗanda suka faɗi a gaban hakimi, mun yi boko mun samu albashi, sai muka samo wadda za ta riƙa tsugunawa a gabanmu. Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, kowa yana cewa shi ɗan gidansa ne, har masu sa jar hula. To ga gwaji a cikin kicin. Ni kaina sai da na tsufa na lura cewa almajirin da ya yi shekara shida yana mana wanki, ban taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Malamar Islamiyya:
Baba ya tuna min da abin da ya girmi NEPU. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga malaman zamaninsa da suke tara ɗalibai a waje suna karantarwa, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu cikin jahilci, ba su koya musu ko alwala da sallah ba. Ya kwatanta yadda suke riƙe su da kayan amfanin gida, a yi ta mora har su fashe a jefar a juji. Har bayi ya lissafa a cikin waɗanda karantar da su wajibi ne a kan mai gida. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata.

A ajinmu na yamma, in uwa ta zo rajistar 'ya'yanta, nakan ga wata yarinya a tsaye a baya da goyo. In na ce wannan fa, sai a ce ai 'yar aiki ce. Kamar an ba da amsa ke nan. Yarinya ta balaga a gidanki ba ta san wankan tsarki ba, wa za a tambaya ranar gobe?

Ɗiyar Konni:
Ina gaida ku daga Nijar. Abin da kuke faɗi muna da shi, ɗiyan ƙauye cike da gidajen Yamai da Maraɗi. Amma mu nan mun ga inda rena mutum yake kai wa in ya yi nisa. A yankinmu ne aka saida Hadijatou Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jikka 240, wato sefa dubu 240, ta zama wahayiya, wadda ake ce wa mata ta biyar, ba sadaki ba aure. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, amma sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya wa Hadijatou har kotun CEDEAO, wadda kuke ce wa ECOWAS. A watan Oktoban 2008 kotu ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa.

Ban ce aikatau bauta ba ce, kar a fahimce ni ba daidai ba. Amma shekarun ku duba, 12. Kuma maƙwabta duk suna gani, ba wanda ya ga abin a matsayin laifi, don an saba.

Abu Khalil:
Baba, na karɓi gyara. Kuma ina ganin mu maza mun lafe a maganar nan kamar ba ta shafe mu ba. Mai gida ne yake fitar da kuɗin, shi ya san nawa ne. Shi ya san inda yarinyar take kwana. Mu ma muna da namu: mai gadi da yake wata biyu ba a biya shi ba, yaron shago da ake cewa za a sallame shi shekara bakwai ana ja masa rai. Akwai hadisi ƙudusi a Bukhari, mutum uku Allah ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya gama morarsa, bai ba shi ladansa ba.

Mai Ɗinki:
Tunda namiji ya buɗe ƙofar, bari in faɗi wadda na rage. Duk mai 'yar aiki ta duba ko inda yarinyar take kwana yana da sakata ta ciki. Gida mai samari, ko ƙannen miji, ko masu gadi. Ni Allah ya tsare ni, amma na san waɗanda aka mayar ƙauye da ciki, aka ce su ne 'yan iska, yaron gida kuwa ko faɗa ba a yi masa ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Iya abin da zan ce ke nan.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, na karanta kowane saƙo, wasu sau biyu. Ga inda aka kwana.

Jiya na matsa wa dillaliyar sai da ta ba ni lambar wani maƙwabcin iyayen, aka kai wa uwar waya. Dubu shida take samu a wata, ba goma ba. Kuma ita a saninta yarinyar tana zuwa islamiyya, haka aka faɗa mata. Na kasa ce mata komai sai haƙuri. Da na miƙa wa yarinyar wayar ta ji muryar innarta, sai ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta suna rawa. Wata takwas ba su yi magana ba, kuma ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Mun yi da uwar daga wannan watan ta hannun mai POS na garinsu zan riƙa turawa. Na jefar da kofin. Na mayar da shimfiɗarta ɗakin yara, babbar 'yata ta yi ta ƙunƙuni, na zaunar da ita mun yi magana mai tsawo, ban ce ta gamsu ba. Islamiyya za ta fara ranar Asabar in sha Allahu.

Boko ce ta tsaya. Mai gidan ya ce in za ta tafi makaranta da safe, wa zai riƙe jariri ina wurin aiki, kuma me ya sa muke biya? Ban da amsar da zan ba shi, domin ni ma don haka na ɗauko ta. Gaskiyar da na gano ke nan mai ɗaci: ina zuwa aiki, 'ya'yana suna zuwa makaranta, saboda ita ba ta zuwa. Na ce ko mu nemi babbar mace, bazawara ko dattijuwa, ta riƙa zuwa da safe muna biyanta, ita kuma yarinyar ta yi karatu ta taimaka da yamma. Ya ce albashinmu ba zai ɗauki biyu ba. Mun tsaya a nan, za mu sake zama in an yi albashi.

Da daddare na tambaye ta me take so. Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce kar in mayar da ita gida, innarta tana buƙatar kuɗin. Ta ɗauka duk wannan abin korarta zan yi.

Hajiya Mai Atamfa:
Dubu huɗu duk wata! Ni ma ta hannun dillaliya nake biya, shekara da shekaru. Bari in nemi lambar uwar tawa yarinyar yau ɗin nan. Amma ina nan a kan bakana, kar ki mayar da ita.

Malamar Islamiyya:
Uwar Biyu, ki bincika unguwarku, makarantun gwamnati da yawa suna da 'yan rana, wasu unguwannin kuma akwai ajin yaƙi da jahilci na mata da yamma. In kin dawo daga aiki ƙarfe biyu za ta iya samu.

Mai Ɗinki:
In kin samu ajin, kar ki bari a sa ta cikin 'yan shekara shida, kunya za ta sa ta gudu. Ki fara mata baƙaƙe a gida ko wata biyu ne, kamar yadda aka yi min. Kuma ki faɗa mata da bakinki yau cewa ba korarta za ki yi ba, don na san ba ta yi barci ba jiya. In an tashi ɗinka mata yunifom ki turo min awonta ta akwatin saƙo, ni zan ɗinka.